Kadojin da Na Zuba a Kogin Rhône

Shekarar da kakata ta zo daga Damagaram don a cire mata yanar ido, ni aka naɗa ɗan jagora. Kawu ya tarbe ta a Paris, ya rako ta a jirgin ƙasa har gidanmu a Rillieux, a gefen garin Lyon. Lokotoro, wato likitan ido, ya ce za a gwada, amma bai yi alkawari ba. Mama ta daina cin abincin kirki.

Kafin ranar aikin nakan riƙe hannun Kaka mu gangara Lyon, mu zauna a bakin Rhône. Ita da ba ta san ruwan da ya wuce tabki ba, sai ta ce in faɗa mata abin da ke gabanmu. To, an ba kura ajiyar nama. Na ce kogin cike yake da kadoji, kowanne ya kai bas tsawo, kuma don ladabi sai sun gai da mutum da Faransanci kafin su haɗiye shi. Na ce Rumawan da suka kafa garin har yau suna saukowa daga kan tudu su yi wanki ranar Lahadi.

"Allah ya shirye ka, maigida," in ji ta. Amma ta janye ƙafafunta.

Gaskiya ɗaya na faɗa mata: a ƙarshen gari kogin Saône na haɗuwa da Rhône, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya kore, su jera ba su gauraya nan take ba. Wannan ce kaɗai Kaka ta ƙi yarda da ita. Wai ruwa ba ya ƙyamar ruwa.

Da aka cire bandeji, Mama ta yi tambayar duniya ko tana gani, Kaka ta ce sai an kai ta mahaɗar nan. Muka tafi, Mama na jan carbi har yana neman tsinkewa. Kaka ta daɗe tsaye a bakin ruwa, har na fara shirya ƙaryar da zan lallashi Mama da ita.

Sai ta miƙa yatsa. "Wancan kunun tsamiya, wannan miyar kuka."

Mama ta durƙushe, ga hawaye ga dariya. Kaka ta juyo ta ƙare mini kallo.

"Ashe haka kunnuwanka suke, maigida. To, ina kadojin?"

Na ce ai yau Lahadi, sun tafi taya Rumawa wanki.