Goyon Wayar Malam Gide

Ranar da baƙon ya fara zuwa, marka ake yi a Ƙanƙara. Tun hantsi ruwa yake tsiyaya, ba shi da ƙarfi kuma ya ƙi ɗaukewa, irin wanda ke hana kasuwa ci amma ba ya korar kowa gida. Malam Gide mai gyaran waya ya ja teburinsa can cikin rumfa saboda feshi. Sai ga wani saurayi da lema da takalmi sawu-ciki wanda bai saba da taɓo ba. Ya yi sallama, ya tambaya ko nan ne wurin mai goyo.

Malam Gide bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Masu goyo suna gida, samari. Nan gyaran waya ake yi."

Ya san abin da ake nufi sarai. Amma a wannan yanki, a waɗannan shekaru, baƙon da ya zo da sunan aikinka a bakinsa ba a yi masa shimfiɗa da wuri.

Malam Gide haifaffen Pauwa ne, ɗan manomi. Yana da shekara goma sha biyar ubansa ya kai shi Funtuwa wajen wani mai gyaran rediyo, ya yi shekara bakwai yana hura ƙura yana riƙe dalma. Ya dawo ya kafa rumfa a Ƙanƙara. Rediyo ta ja baya ya koma kaset, kaset ya mutu ya koma waya. Boko bai wuce ya haɗa baƙi da ƙyar ba, amma in ya buɗe waya ya sunsuna, yakan gaya maka abin da ya ƙone tun bai sa awo ba. Yanzu ya haura sittin. Bai taɓa jefar da matacciyar waya ba. Yana da kwali uku cike da su a ƙarƙashin tebur.

Goyon kuwa ga yadda ya samo asali. Da hanyoyi suka lalace da tsoron 'yan bindiga, dillalan dabbobi suka rage koro shanu zuwa kasuwa haka kawai. Sai a ɗauki hoton bijimi a waya, a zo a nuna, in an daidaita a je a gani. Wata rana Alhaji Yahuza, wani dillali mai zafin rai, ya miƙa wa wani mai saye wayarsa don ya duba bijimi. Mutumin ya duba bijimin, ya ja yatsa, ya sake ja, har ya faɗa kan hoton uwargidan Alhaji a tsakar gida ba mayafi. Sai da aka shiga tsakani. Washegari Alhaji ya zo rumfar Malam Gide yana huci, ya ce a yi masa dabarar da zai nuna wa mutum sa ba tare da wayarsa ta bar hannunsa ba.

Malam Gide ya ciro fuskar wata matacciyar waya, ya lanƙwasa wayar ƙafar keke ya yi mata maƙale, ya ɗaure da robar tayar babur, ya manna ta a bayan wayar Alhaji, ya haɗa su da 'yar gajeriyar igiya ta wurin caji. Wannan bai ci masa kwana uku ba. Abin da ya sha masa kai shi ne yadda fuskar bayan za ta nuna hoto guda tak, ta ƙi jin yatsan baƙo, kuma ta yi baƙi ƙirin da zarar mai wayar ya ɗage babban yatsansa ko kira ya shigo. Wata bakwai ya yi a kan wannan. Ya ƙona fuska goma sha ɗaya. Matarsa Mero ce ke zauna masa a matsayin mai saye, yana nuna mata hotunan awakinta tana ta dangwala yatsa tana cewa, "Ga shi nan ya motsa, Malam, koma." Ranar da ta dangwala ta dangwala abin ya ƙi motsi, sai ta yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Dillalai suka sa masa suna goyo, don yana zaune a bayan waya. Kafin damina biyu ya yi guda arba'in da wani abu.

Saurayin mai lema ya ce sunansa Adnan, ɗan Faskari ne amma a Kaduna yake aiki, a wata ƙungiya mai taimaka wa masu ƙirƙira su yi rajistar abin da suka ƙirƙira. Ya ga goyon a hannun wani dillali a kasuwar Sheme. Ya ce akwai takarda da hukuma ke bayarwa, wadda in ka samu, ba wanda zai ƙera irin abinka ya sayar sai da izininka, har shekara ashirin.

"To kai mi za ka samu?" in ji Malam Gide.

"Aikina ne, Baba."

"Aikinka ne ka shigo marka ka ɓata takalmi don wani ya samu takarda?"

Adnan ya yi dariya, ya ce zai dawo da lauya nan da mako uku, ita ce za ta duba ko abin ya cancanta. Ya ajiye kati a kan tebur. Malam Gide bai taɓa katin ba sai da ya ga lemar ta sha kwana.

Ɗanlahadi bakanike, wanda rumfarsa ke manne da ta Malam Gide tun shekara ashirin, ya ji komai. Ya leƙo da hannu duk baƙin mai.

"Ranka ya daɗe, mai goyo na Abuja! In an buga sunanka a jarida ka tuna da mu masu tsoma hannu a baƙin mai."

"Kai dai bari, arne. Sunan da ya fita jarida ai daji yake riga isa kafin ya iso gida."

"To ka ƙi mana."

"Ban ce na ƙi ba."

Bai ƙi ba ɗin. Abin da bai gaya wa Ɗanlahadi ba, ya gaya wa Mero suna cin tuwo: shi tun da yake, ban da katin zaɓe, bai taɓa ganin sunansa a rubuce a kan komai ba. Ya gyara rediyon rabin garin nan, ba wanda zai tuna. Yana son a ce wannan abu guda, Gide na Pauwa ne ya yi shi, a rubuta, ya tabbata ko bayan ransa. Yana so ƙwarai. Amma yana tsoron yaron.

Sai ya hau babur ɗan haya ya tafi Faskari don bincike. Aka tabbatar masa da cewa Adnan ɗan gidan wani tsohon hedimasta ne, gida sananne. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. A hanyar dawowa yake ce wa kansa, wanda zai cuce ka da takarda ai dole ya zo da asali, ɓarawon akuya ne ke zuwa ba uba.

Ranar da aka tsayar suka zo, ranar kasuwa ce kuma rana ta buɗe. Lauyar mace ce, Barista Fatima Zahra'u, mai sanyin magana. Mota a gaban rumfar gyaran waya ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a gama gaisuwa mutane sun cika wurin, 'yan babura, masu awo, da wasu fuskoki biyu ko uku da Malam Gide bai sani ba. Ya lura da su tun kafin ya lura da abin da lauyar ke faɗa.

Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ta ce ba kowane sabon abu ake ba takarda ba. In abu ne wanda duk mai sana'ar da ya san aikinsa zai iya tunaninsa da kansa in ya zauna da kayan, to a bayyane yake, doka ba ta ba da shi ga mutum ɗaya. Ta nuna masa hotuna a wayarta: wasu a ƙasashen waje sun riga sun yi fuska ta biyu da ake maƙala wa waya da kwamfuta.

"Don haka maƙalawar kaɗai ba za ta kai mu ba, Baba. Abin da nake nema shi ne, akwai wani abu a cikin naka da ya ba ka wahala? Wanda wani mai gyara ba zai faɗo kansa da sauƙi ba?"

Akwai mana. Wata bakwai da fuska goma sha ɗaya suna nan a bakinsa. Amma Malam Gide ɗan manomi ne. A gidan da ya tashi, ko rumbu ya cika har ana danna shi da ƙafa, in an tambayi ubansa yaya amfani, cewa yake an ɗan samu na kunu. Ba a yabon abin hannu a gaban jama'a, saboda baki, saboda ido. Mai abu ƙasƙantar da shi yake yi, wanda ya san daraja shi ke ɗaga shi. Kamar baƙo ne da abinci: zai ce ya ƙoshi sau uku, mai gida ne zai matsa masa har ya sa hannu.

Ya ce, "Haba Hajiya, wace wahala? Tarkace ne na haɗa."

"Ka tabbata, Baba? Ko wajen haɗa wayoyin ciki?"

"Ai ko ɗan koyo ya yi shi."

Adnan ya matso. "Baba, an ce mini in mai waya ya ɗage yatsa fuskar mutuwa take. Wannan fa?"

Malam Gide ya dube shi ta wutsiyar ido. Wa ya gaya masa wannan? Me ya sa wannan ɗin yake so a faɗa a gaban mutane? Ya ce, "Wannan ai da kansa ya zo. Ikon Allah."

Lauyar ta sake tambaya, karo na uku, a hankali. Ya sake cewa ba komai ba ne. Daga nan ya gyara zama yana jira ta ce, a'a Malam, wannan aiki ne babba, ba kowa zai yi shi ba, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce to, tunda kin ce haka. Ita kuwa ta duba takardarta ta fara rubuta abin da ya faɗa.

Wani daga baya, cikin baƙin fuskokin nan, ya ce, "Ƙarya yake, ɓoyewa yake yi. Akwai miliyoyi a abin nan."

Kalmar miliyoyi a tsakiyar kasuwa, a kan sunansa, gayyatar 'yan bindiga ce. Ya ɗaga murya ya kira Shamsu, wani mai gyaran waya da ke tsallaken layi.

"Shamsu, zo ka gaya musu. Ba za ka iya wannan ba?"

"In na ga ciki, Baba, mi zai hana?"

Malam Gide ya ɗauki sukudireba ya kwance goyon da ke kan tebur, ya baje shi, ya bi da tsinke yana nuna wa Shamsu inda ya tsallake da inda ya haɗa, don kowa ya ga ba wata dukiya a ciki. Barista ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, tsaya, kar ka buɗe a nan." Ya riga ya buɗe. Wayoyi suka fito daga aljihu ana ɗaukar hoto. Ya ga ta Adnan a cikinsu.

Shamsu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Kai! Baba, wallahi da shekara zan yi ban gano nan ba." Amma hayaniya ta danne maganar, kuma lauyar ta rufe takardarta. Ta ce masa da bakinsa ya ce abin a bayyane yake, ga shi kuma ya baje sirrin a kasuwa. Ba ta ga abin da za ta ɗauka ta kai ba. Ta yi masa godiya da ladabi. Suka shiga mota.

Labari ya riga shi isa gida. Mero na tankaɗe ba ta ko yi masa sannu da zuwa ba.

"Ɗan koyo ya yi shi, ko? Ni ce ɗan koyon, da na yi wata bakwai ina dangwala wa awakina yatsa?"

"Ba ta matsa ba ne, Mero. Sau uku kawai ta tambaya."

"Lauya ce, Malam, ba surukarka ba ce. Sau nawa kake so?"

Ya ce dai yaron nan ya ɗauki hoto, ya gan shi da idonsa. Ta ce rabin kasuwa ma sun ɗauka.

Sai bayan wata guda ya ciro katin daga ƙarƙashin kwali, ya sa Ɗanlahadi ya karanta masa lambar. Ya kira Adnan ya gaya masa gaskiya duka, da watannin da fuskokin da suka ƙone. Adnan ya ce da ma ranar aka faɗi haka. Ya ce tuni ya sake tambayar Barista, ta ce abin ya yi wuya yanzu, don an riga an fara ƙerawa a Sabuwa ana sayarwa, kuma ga maganarsa ta farko a rubuce. Ya ba shi haƙuri har sau biyu. Malam Gide ya kashe wayar ya ce wa Ɗanlahadi haƙurin ya yi yawa, mai gaskiya sau ɗaya yake bayarwa. Ɗanlahadi ya ce shi kam bai san wanda zai gamsar da Malam Gide ba a duniyar nan.

Ko Adnan ya kai hoton nan wani wuri, ba wanda ya sani a Ƙanƙara. Ba a sake ganinsa a garin ba, kuma ba a ji wani abu ya fito da sunansa ba.

Yau ana ƙera goyo a rumfuna biyar ko shida tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, kuma ba wanda ke da takarda a kansa. Shamsu ya fi kowa sayarwa. Malam Gide yana nan a rumfarsa yana gyaran waya, yana yin goyo ɗaya ko biyu a wata ga dillalan da suka san shi tun farko.