Amsar da Ke Sama

A tashar Mayahi, Lailatu malamar lakwal, wato makarantar boko, tana jiran mota, amma hankalinta na kan wani dattijo. Rigarsa ta koɗe, faso ya tsattsaga dugadugansa, ya matse ƙullin irin hatsi tsakanin gwiwoyi kamar za a ƙwace masa. Bai fi mudu uku ba. Wataƙila iyakar abin da farin bara ya bar masa ke nan.

Yana satar kallon sojojin da ke bakin shinge, sannan ya kai salula bakinsa, ya rage murya: "Yaushe ruwa zai sauka Mayahi?"

Amsoshi suna jeruwa a fuskar salular. Bayanin masana yanayi na can ƙasa, shi ko bidiyon farko yake dannawa. A cikinsa wani mai babbar murya yana rantsuwa ruwa na tafe nan da kwana uku, kowa ya binne irinsa tun ƙasa na bushe.

Lailatu ta san bidiyon, na bara ne. Ta kuma san abin da ya kai shi sama: yatsun dubban manoma masu son jin labari mai daɗi. Duk wanda ya danna, ya ƙara ɗaga shi.

"Baba, wannan tsoho ne. Ku duba na ƙasa."

"Ɗiyata, mu a garinmu mai sani ake sa wa gaban sahu. Da maƙaryaci ne, wa zai sa shi gaba?"

"Ku ne, Baba."

Bai ko dube ta ba. Yana sake dannawa, ya saurara har ƙarshe, ya rungumi ƙullin irinsa ya nufi gona.