Malam Sada Mai Raƙumar Ƙarfe

Idan an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu da ke Bunkure, Malam Sada Bakanike ba ya komawa gida. Yakan zauna ya yi lazimi har gari ya waye sosai, sannan ya lalubi sandarsa ya kama hanyar gareji. Tafiyar ba ta da nisa, amma yanzu tana cin masa lokaci, domin idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ban da haske da inuwar mutane ba abin da yake nuna masa. Masu fita gonakin shinkafa a kan babura sukan rage gudu su gaishe shi, shi kuwa ya amsa wa kowa da sunansa, wani daga murya, wani daga ƙarar salansar babur ɗinsa. Da ya isa, kafin ya zauna a benci sai ya zagaya wata tsohuwar jif mai tsayi da ke fake a ƙarƙashin rumfar kwano. Ya shafa tayoyinta ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa ya kai hannu ƙarƙashin inji ya ji ko mai ya ɗiga. Ita ce motar da mutanen yankin ke kira Raƙuma. Shekara ashirin da uku ya yi yana tuƙa ta, kuma tun daminar bara bai sake kama sitiyarinta ba.

Wanda bai taɓa sauka daga kwalta da damina a tsakanin Kura da Bunkure ba, zai yi wuya ya gane amfanin irin wannan mota. Da rani hanyoyin da ke bin gefen kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, lafiya lau suke, motocin tumatir ma shiga suke yi har bakin gona. Amma da ruwa ya zauna, sai ƙasar ta koma baƙar laka mai danƙo, wadda ke riƙe ƙafar saniya balle tayar mota. Akwai ƙauyuka da rugage da kan yi wata biyu ba su ga mota ba.

Malam Sada ya san haka tun yana saurayi, amma bai san zafinsa ba sai ranar da kububuwa ta sari ƙanensa Ibrahimu a gonar shinkafa, cikin watan Agusta. Lokacin babu wayar hannu a ƙauye, a kan keke aka kawo masa labari da hantsi. Ya ɗauki 'yar ƙaramar motar da yake da ita ya kama hanya, amma a wani kwari da ake kira Kwarin Gawo ta nutse har ciki. Shi da manoman da suka taru suka yi ta turi, suka sa itace, suka sa duwatsu, tayoyi na ta juyawa a wuri ɗaya. Da ya ga rana ta yi tsaka sai ya bar ta nan ya ƙarasa da ƙafa. Aka ɗora Ibrahimu a amalanken shanu, Sada ya ɗora kansa a cinyarsa, aka juyo. A hanya Ibrahimu ya buɗe ido ya ce, "Yaya, ina motar?" Sada ya ce masa tana nan gaba kaɗan. Sun wuce ta a kwarin, tana kwance cikin laka, Ibrahimu kuwa ya riga ya cika.

Bayan sadakar arba'in ya sayar da gonar da ya gada a bakin kanal, ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo wata jif mai jan ƙafa huɗu wadda ta shekara biyar ba ta tashi ba. Da igiya aka jawo ta har Bunkure. Mutane suka yi ta magana, wai mutum ya ba da ƙasar da ake nomawa rani da damina ya karɓi gwangwani. Matarsa Talatu ba ta yi masa faɗa ba, ta dai tambaye shi abin da zai bar wa yara. Daga nan ba ta sake tambaya ba.

Wata takwas ya yi a kan motar. Ya sauke inji ya gyara, ya ƙara mata gamayyar sifirin na babbar mota don cikinta ya yi nisa da ƙasa, ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora. Gwajin farko bai yi kyau ba, don ya ɗaga ta fiye da kima, a gangaren kanal ta kusa kifewa da shi. Ya dawo ya rage tsayin, ya ƙara faɗin tsakanin tayoyi. Ya yi wa ƙarƙashin inji waldar farantin ƙarfe don kada kututture ya fasa shi. Bututun da inji ke shaƙar iska ya jawo shi ta gefen gilashi har saman rufi, yadda ko ruwa ya kai ƙofa ba zai shiga ba. Wannan dogon bututu da tsayin ƙafafunta suka sa yara suka laƙaba mata Raƙuma. Daga ƙarshe ya cire kujerun baya ya kafa katako mai tsayin mutum, ya shimfiɗa katifa. Sai a lokacin masu magana suka gane abin da ya saya da gonarsa.

Daminar da ta biyo baya Raƙuma ta tsallake Kwarin Gawo da wata mai naƙuda a bayanta. Daga nan kuma aiki ya kama. Da wayoyi suka shigo, sai ka ga lambarsa an rubuta da fenti a bangon masallatan ƙauye. Mai ciwo, mai haihuwa, wanda injin ban ruwa ya yanka, tsohon da ya faɗi, duk shi ake kira. Wanda ke da kuɗin mai ya bayar, wanda ba shi da shi ya shiga. Kulu ungozoma, wadda ta fi kowa zama a bayan motar, ta ce da hannunta ta karɓi haihuwa goma sha ɗaya a kan katifar nan, mota na tsaye a gefen hanya, Malam Sada ya fita ya juya baya yana addu'a. Ta ce kuma ba duka ake kaiwa da rai ba. Idan rai ya yi halinsa a asibiti, shi ne dai ke mayar da gawa gida don a yi mata sutura a cikin danginta, kuma ba ya tafiya sai an yi jana'izar da shi. Waɗannan su ya fi tunawa. Yana iya lissafa su da sunayensu da ƙauyukansu, amma in ka tambaye shi yawan waɗanda suka rayu sai ya ce bai riƙe ba.

Kai ne, Malam Sada, wanda ka san kowane rami daga Bunkure har rugagen da ke bayan babban kanal, ka san inda laka ke da ƙasa mai tauri a ƙarƙashinta da inda ba ta da iyaka. Kai ne kake sauka ka nannaɗe wando ka shiga ruwa da sanda ka auna zurfinsa kafin ka sa rayukan mutane a ciki. Ba a taɓa jin ka ce wa mai kira ya bari ruwa ya tsaya ba.

A 'yan shekarun nan samarin birni suka fara zuwa ranar Asabar da manyan motocinsu, suna gwada su a hanyoyin gona. Sukan tsaya a bakin kanal suna musu a kan wadda ta fi, wannan ya ce tasa silinda takwas ce, wancan ya ce tasa ta fi saurin tashi a titin Zariya. Wata rana sabuwar baƙar jif ta ɗaya daga cikinsu, Abdulrauf, ta kafe har ƙofa, ya yi ta taka totur tana ƙara nutsewa. Aka kira Malam Sada. Ya zo ya rage wa tayoyin iska, ya ɗaura igiya, ya ce wa saurayin ya sa giyar ƙarfi ya bar ƙafarsa a hankali. Raƙuma ta ja sau ɗaya, motar ta fito tana zubar da laka. Abdulrauf ya zagaya tsohuwar motar yana kallo, sannan ya tambayi dattijon tsakani da Allah wacce ta fi.

Malam Sada ya ce, "Taka ta fi, ɗana. Ƙarfin injinta ya ninka na tawa sau uku, in a kwalta ne ko ƙurarka ba zan gani ba. Sai dai ta yi nauyi, cikinta na kusa da ƙasa, tayoyinta kuma na titi ne. Ba a yi ta don nan ba. Tawa kuwa ba ta san ko'ina ba sai nan."

Abdulrauf ya nemi ya sayar masa da ita a kan kuɗin da za su sayi gona biyu. Malam Sada ya yi godiya ya ce ba ta sayarwa ba ce. Amma ya yarda ya ɗaga wa samarin motocinsu ya sauya musu tayoyi, abin da ya samu kuma ya tafi a man Raƙuma. A aikin Abdulrauf bai karɓi ko kwabo ba, ya ce ya kawo masa winci, wato injin nan mai naɗe igiyar ƙarfe da ake kafawa a gaban mota don ta ja kanta idan ta kafe.

Idon ya daɗe yana yi masa gargaɗi. Yakan ga gefen hanya ya dushe, sai ya ce gajiya ce. A daminar bara, wata ranar Talata da la'asar, Arɗo Baballe ya kira shi ruga saboda uwargidansa Hajara da amai da gudawa suka galabaitar. Suka ɗauko ta suka biyo ta kan bakin kanal, ruwa ya cika shi taf. A wani wuri ruwan sama ya zaizaye gefen hagu na hanyar. Arɗo, da ke zaune a gaba, ya hango wurin tun daga nesa, amma bai ce komai ba, don a saninsa ba a nuna wa Malam Sada hanya. Sai ji suka yi tayar baya ta zame, motar ta karkata, bayanta na lilo a kan ruwa, marar lafiya da mata biyu na ciki. Malam Sada ya ce kada kowa ya motsa. Ya zare jikinsa a hankali, ya ja igiyar winci ya ɗaura a jikin wata giginya, ya jawo motar ta hau. Suka isa asibiti kafin magariba, Hajara ta warke.

A ƙofar asibitin Arɗo ya kama hannunsa yana ta yabo, yana cewa in ba shi ba da yau an yi jana'iza huɗu. Malam Sada ya bari ya gama, sannan ya ce, "Arɗo, ban ga wurin ba. Ko kaɗan ban gan shi ba."

Kafin ya faɗa, ba wanda ya sani sai shi, kuma da ya yi shiru ba wanda zai sani. Washegari ya kira Mudassiru, wani magidanci da ya shekara goma sha biyar yana tuƙin tifa, ya danƙa masa makulli a gaban mai unguwa. A asibitin ido a Kano aka ce masa hawan jinin ido ne, kuma ya zo a makare. Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Talatu ta ce da suka dawo gida kwana uku ya yi bai ci abincin kirki ba, ba don idon ba, don tunanin watannin da ya yi yana ɗaukar mutane alhali ba ya gani sosai.

Sauran daminar a kujerar gaba ya yi ta, kusa da Mudassiru. Daga girgizar mota yake gane inda suke, ya ce masa nan riƙe dama, nan sauya giya kafin gangare, nan kada ka taɓa birki. Mudassiru ya ce bai taɓa ganin mai ido da ya san hanya kamar haka ba. Ana nan wata rana suka ɗauko wani tsoho a wani ƙauye, baya ya cika, ga ɗan tsohon yana tsaye babu wurin zama. Malam Sada ya buɗe ƙofa ya sauko ya ce masa ya shiga, ubansa ya fi bukatarsa. Ya zauna a gindin wata ɗorawa yana sauraron ƙarar injin har ta ɓace. Ya ji yadda Mudassiru ya sauya giya a gangaren farko, daidai inda ya kamata, ba tare da an gaya masa ba. Awa huɗu ya yi a wurin kafin a dawo a ɗauke shi. Tun daga ranar bai sake bin su ba. Ya ce kujerar ta mai jinya ce.

Da aka gaya masa za a rubuta labarinsa a karanta, sai ya ce in dai dole ne, to a rubuta cewa sifirin ɗin baya na dama ya tsage, tayoyin gaba kuma sun cinye, kuma ba za su kai ƙarshen Agusta ba.

To ga shi an rubuta, Malam Sada. Mun kuma ƙara da abin da ba ka ce a rubuta ba. Kai ne ka sayar da gonarka ka saya wa mutanen da ba ka sani ba hanyar zuwa asibiti. Kai ne ka faɗi gaskiya a kan kanka a ranar da ake yabonka, ka ajiye abin da ka fi so don kada ka cutar da wani. Ba a taɓa kiranka taro an ba ka lambar yabo ba, gida ɗaya kake da shi, shi ma ɗakin baya yana yoyo. Mun gode, bakaniken talakawa. Allah ya saka maka, ya jiƙan Ibrahimu da duk waɗanda ka mayar gida.

Ku kuma kanikawa da direbobi na Kura da Garun Mallam da Dawakin Kudu, da ku samarin da ke zuwa gwada motoci ranar Asabar, mota ɗaya ba ta isa wannan yanki ba. Mai ilimin yana nan da ransa, kansa garau, kuma ba ya rowar abin da ya sani. Ku je ku zauna kusa da shi ku tambaya, ku kai taya, ku kai sifirin, wanda zai iya ya ƙera ta biyu. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma a ƙauyukan bayan kanal akwai matan da watan haihuwarsu Agusta ne.