Mutumin Ƙarfe Bakwai

Kawu muke ce masa a wurin aiki, duk da babu wanda ya haɗa jini da shi. Shi ke kula da shafin intanet na ɗakin karatun garinmu, daga wani ɗan ɗaki can ƙarshen baranda inda ake jibge karyayyun kujeru. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna nesa, kiran waya ma sai an yi sa'a. Abincin rana a gaban kwamfuta yake ci, ya ba ƙofa baya.

Shekara uku da suka wuce ya zauna ya ba kowane sashe na shafin harafinsa. Ka danna N, akwatin neman littafi ya buɗe. G ta kai ka gaba, B ta dawo da kai baya. Ya ce ya yi ne don waɗanda ba sa iya riƙe linzamin kwamfuta. Haka marigayiyarsa ta ƙare, hannu na rawa, kibiya na yawo a allo ta kasa kama komai. Babu wanda ya sa shi aikin, babu kuma wanda ya ce masa sannu.

Ya haɗa da wani ɗan ma'auni da ke nuna masa mutum nawa suka taɓa haruffan. Kullum mutum ɗaya ne. Ƙarfe bakwai na safe daidai zai shigo, ya danna N, G, B, ya fita.

Kawu dai ya yi aboki. In na kai masa takardu sai ya nuna mini allo, fuska a sake.

"Yau ma ya zo, 'yata. Ina jin dattijo ne mai sammako. Ko ranar hutu ba ya fashi."

Saboda wannan mutumin Kawu ya ƙara girman rubutun shafin, wai kada ido ya wahala. Ko zazzaɓi yake yi sai ya lallaɓo ya duba.

Da aka kawo mana sabuwar shugaba, ta ce za a sabunta shafin, a zubar da duk abin da ba a amfani da shi. Ta kai ga haruffan Kawu.

"Wa ke danna waɗannan?"

"Akwai mutum, ranki ya daɗe. In aka cire, ta ina zai shiga?"

Ranar na fara jin ya ɗaga murya. Shugaba ta ce in bincika, tunda ni ke riƙe da bayanan masu shiga shafin.

Da ma ban bincika ba. Mutumin daga cikin gininmu yake shigowa, daga tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin Kawu. Ashe wani ɗan umarnin kwamfuta ne da Kawu ya rubuta da hannunsa tun farko, don ya riƙa gwada haruffan kowace safiya, ya manta da shi.

Na so in yi ƙarya, wallahi, amma ban iya ba. Da na gaya masa, ya sunkuya ya daɗe yana kallon kwamfutar, duk ta yi ƙura.

"In kashe ta?" na tambaya.

"Bar ta. Ba ta tare wa kowa hanya."

Shugaba ta ce ƙarshen wata za a cire haruffan. Tausayinsa ya hana ni sakat. Washegari ƙarfe bakwai na buɗe shafin daga gida, na daddanna, don ko sau ɗaya ya ga biyu a allonsa.

Da na iso na leƙa ɗakinsa kamar ban san komai ba. Bai juyo ba.

"Na gode, 'yata," ya ce. "Amma kin manta B. Shi ba ya mantawa."