Inda Iskar Bungudu Ta Maƙale

Mun bar Tsafe ana kiran assalatu, ni da Baba da jaki guda. Ku da kuka ce na tafi shan iska, to ku ji: iskar muka tafi nema, kuma da ƙyar muka gano inda ta shiga.

Wani attajirin gyaɗa ne a Gusau ya aiko wa Baba. Yana son ɗakin ajiya da masaukin fatake, mai sanyi da bazara, mai ɗumi lokacin ɗari. Baba ya daɗe bai samu babban gini ba, har masu yi masa tubali sun fara watsewa. Ni kuwa Inna ce ta haɗa ni da shi don in yi wa Gwaggo barkar haihuwa a Bungudu. Malam ya ba ni kwana bakwai, ya ce kada in dawo ina kame-kame a allona.

Hanyar ba daɗi. Jakin nan duk inuwar da ya gani tasa ce. Dutsen Kwatarkwashi tun hantsi muke hangensa kamar a miƙa hannu a taɓa, amma sai bayan la'asar muka kai gindinsa. Can wata Bafulatana ta sayar mana da nono na anini biyu, da ludayi ɗan mitsitsi kamar na yi wa jariri ɗura.

A Gusau ba a wata magana sai ta jirgin ƙasa da ake cewa hanyarsa na tafe daga Zariya. Jirgin bai iso ba, amma ƙosai har ya ƙanƙance. Attajirin ya kai mu filinsa wajen Sabon Gari, aka ba ni bakin igiyar awo in riƙe.

"Malam, in kasuwa ta buɗe, wane gefe za ka ƙara ɗakuna?" in ji Baba. Ya bayyana masa cewa sai ya san wannan kafin ya san bangon da zai huda wa tagogi, da inda hayaƙin gadon ƙasa zai fita in fatake sun hura wuta ƙarƙashinsa. Bangon da za a jingina wa ɗaki gobe, ba a ba shi taga yau.

Attajirin ya ce gabas. Aka kafa turaku. Ya ce a'a, yamma. Aka tumɓuke. Sai ya ce, "Kai dai yi gininka, Allah ya kai mu lokacin." Wai kuma rufin kwano yake so irin na kantin Turawa, ba azara da ƙasa ba. Ina tsaye cikin rana, ƙafata na ƙuna, igiya ta ci mini tafin hannu, mutum yana juya gari da bakinsa.

Da Baba ya gaji, ya ce wa attajirin ya biyo mu Bungudu ya ga shagon da ya gina wa wani mai goro shekara huɗu da suka wuce. Ya ce ko da azahar ka shiga sai ka nemi mayafi.

Da ma bai faɗa ba.

Washegari muka bi gefen gulbi, duk yashi, muka isa Bungudu da azahar ɗin kuwa. Muna shiga shagon zafi ya mare mu, ga ƙaurin hayaƙi da na mai. Mai goron ya miƙe.

"Madalla da magini! Huhu biyu ya bushe man cikin tanderun nan naka."

Na ga attajirin yana laluben takalmansa da ƙafa. Baba ya ɗaga kai yana duban tagoginsa uku da ke can sama, baƙi ƙirin, ba haske ba motsi. Bayan bangon kuwa cikin gida ne, namiji ba ya shiga. Ni aka ce in shiga in gaida mata in sha ruwa.

Abin da na gani ya fi ruwan. An manna wani sabon ɗaki jikin bangon shagon, rufinsa ya haɗiye tagogin. Mahaifiyar mai gidan tana ciki tana suyar ƙuli-ƙuli, hayaƙi yana bin bango yana shigewa ta taga ɗaya. Ta biyu an cusa mata tsumma. Ta uku kaza ce kwance a ciki tana kallona da ido ɗaya.

Na fito na tsaya bayan Baba. Manya uku, ni kaɗai yarinya. Na ja rigar Baba, ya ce, "Ke, bari!" Na sake ja. Attajirin har ya kai bakin ƙofa. Sai na ji muryata ta fita da ƙarfin da ban nufa ba:

"Baba, kaza na ƙwai cikin tagarka."

"Mi kika ce?"

Na faɗi sauran kaina a sunkuye. Mai goron ya shiga sosa ƙeya. "Ai ɗan ɗaki ne na ƙara ma Inna bara."

"Ban ce maka in za ka ƙara ka yi arewa ba?"

"Arewa akwai akuyoyi."

Attajirin ya yi dariya har ya zauna a kan huhun goro. Ni ban ga abin dariya ba. Kwana biyu muna tafiya saboda akuyoyin wani.

Gwaggo da na zo dominta, kwana ɗaya tak na yi mata. Da muka koma Gusau, attajirin ya karɓi sandar Baba ya ja layi a ƙasa da hannunsa, ya ce yamma, gaban maƙwabtansa biyu. Tagogi za su fuskanci kudu da arewa, a bangon yamma kuma Baba zai bar gurbin ƙofa a toshe da tubali, ranar ƙari a ture kawai. Kwanon dai ya ƙi haƙura da shi, aka bar masa a rumfar waje.

Mun shigo Tsafe ranar ta bakwai, ƙafafuna duk kanta. Abin da na koyo shi ne, mai gini yana yi wa gobe awo tun yau, in mai gida ya yarda ya faɗi goben. Na kuma koyi cewa da na ƙara yin shiru kaɗan, da masu tubalin Baba sun tafi cin rani.