Malam Maidawa da Muryar Talle

A da, da hantsi, duk wanda ya bi ta bayan ƙaramar majami'ar mishan a Maraɗi zai iske Malam Maidawa zaune gindin tsamiya, allo bisa cinya, yana jan layuka biyar-biyar a farar takarda. In ya gama sai ya shiga jera baƙaƙen ɗigo masu wutsiya, alamun hawa da saukar murya a waƙa, ya rubuta kalmomin Hausa ƙarƙashinsu. Tun garin yana gangare bakin gulbi yake wannan aiki. Bana idonsa ya gaza, ya aje alƙalami.

Waƙoƙin daga ƙasar Turawa suke zuwa a buge, na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Littafi guda ke isowa ta Kano, mawaƙa kuwa sun cika benci. Maidawa ke kwafa wa kowa muryarsa: ta mata daban, ta samari daban, ta manyan maza, mai kauri can ƙasa, daban. Kai ne hannun da ba a gani, Malam. Ba a taɓa sa sunanka jikin ko ɗaya ba.

A shekarar sanƙarau cutar ta kwashe masu muryar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu Talle ne, manomin Jiratawa, wanda in ya buɗe baki har kwanon rufi ke kaɗawa. Kafin ya cika ya roƙi a yi masa waƙar rakiyar matattu. Mompera, limamin majami'ar, ya ce ba ta yiwuwa babu muryar ƙasa. Maidawa ya ce, "Mu yi da abin da ya rage mana, Mompera. Alkawari ne."

Da la'asar aka tsaya bakin kabari, rana tarwai, ko iska babu. Kyauta, matar mamacin, ita ta ba ni labari. Mata suka ɗauki waƙar, samari suka bi. Da aka iso gurbin da manyan maza ke shigowa, kowa ya saurari shiru. Sai murya ta shigo. Mai kauri, a natse, kamar daga ƙarƙashin tafin ƙafa. Kowa ya dubi bakin na kusa da shi. Gado mai haƙar kabari, Musulmi ne, bai san waƙar ba, amma ya yar da shebur yana salati. Wasu matan suka ja baya. Maidawa bai sauke hannu ba, ya ci gaba da auna musu waƙar har ƙarshe.

Kafin kasuwa ta zagayo magana ta kai Tibiri, garin dangin Maidawa: wai kurwar mawaƙa yake kamawa ya ɗaure cikin ɗigon nan, shi ya sa suke mutuwa. Mawaƙa suka ƙi taɓa takardu. Wata safiya maza suka zo da sanduna da bakin wuta. Maidawa ya shimfiɗa tabarma, ya zube aikinsa duka a kai.

"Ku ƙona in kun ga dama," in ji shi. "Tawada ce. Gobe sai in ja wasu layukan."

Kyauta ta ratsa mazan ta duƙa, ta zaro takardar mijinta, wadda zufar yatsansa ta dafe gefenta. Ta ce, "In yana ciki, ba ku ƙona min shi. In ba ya ciki, mi kuka zo yi?" Suka tsaya har bakin wutar ya mutu a hannunsu.

Daga nan kai ne ka riƙa takawa Jiratawa da ƙafa, Malam, kana koya wa ƙannen Talle a bakin gona, har muryar ƙasa ta dawo majami'a a bakin masu rai.

Kwanan nan na sami Malam Maidawa a gida, na tambaye shi abin da ban taɓa iya tambaya ba.

"Baba, kai ma ka ji shi ranar?"

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Na ji. Ya ma yi kuskure daidai inda ya saba yi."

Mun gode, Malam Maidawa, Allah ya saka. Ku kuma samarin da kuka iya alƙalami, ku je ku zauna gabansa tun yana iya faɗa muku inda kowane ɗigo ke zama.