Duwatsun Darar Baffa

Jiya ɗana yana neman batir a aljihun tebur sai ya zubar da wata jakar tsumma. Ƙarar duwatsun cikinta a kan siminti ta mayar da ni ƙauyenmu na bayan Tsafe, gindin tsamiyar ƙofar gida.

Idan an gama girbi, Kaka yakan haƙa gurbin dara a nan. Shi da karan dawa yake yi, abokinsa kuma, wani dattijon makiyayi da muke kira Baffa, da fararen duwatsun rafi. Ranar kasuwa sukan wuni suna tsokanar juna, Baffa ya ce kara ba ya da nauyi, Kaka ya ce dutse ba ya da wayo. In Baffa ya tafi sai ya bar duwatsun a hannun Kaka, wai don kada Kaka ya sami hujjar guduwa.

Mu jikoki wasanmu daban ne. Kaka yakan jera 'ya'yan dara ya ba kowa matsayi: yayata sarkin noma, ni mai gadin rijiya. Kara manoma ne, duwatsu shanu, layin tsakiya burtali. Shi ke ba da labarin, mu mu faɗi abin da za mu yi.

A shekarar da aka fara jin labarin kashe-kashe daga ƙauyukan yamma, Baffa ya daina zuwa. Mutanen gari sun fara yi masa wani irin kallo, ya kuwa gane. Wata la'asar Kaka ya jera mana wata dara da ba mu taɓa gani ba. Kara ya toshe burtali kaf, duwatsu sun cunkushe a lungu guda.

"Shanu na jin ƙishi," in ji shi. "Mi za ku yi?"

Yayata ta ce a cire kara ɗaya su wuce. Muka yi mata ca, don wa ke son asara? Muka cinye duwatsun ɗaya bayan ɗaya, muna ihu. Kaka ya daɗe yana kallon gurbin.

"Kun ci," ya ce. "To gobe da wa za ku yi?"

Dariya muka yi, don mun ɗauka tsokana ce.

Damina ba ta kai ƙarshe ba muka kwaso kaya zuwa Gusau. A ɗakin haya a Sabon Gari Kaka ya yi jinyar ajali. Ya danƙa mini jakar, ya ce, "In ya taho, ka ba shi abinai."

Ban san ko Baffa yana raye ba, kuma hanyar ƙauyen ba ta biyuwa yau. Abin yana ci mini rai. Ɗana ya tsince duwatsun, ya tambaye ni ko zai iya wasa da su. Na ce a'a, ajiyar wani ce.